Binciken Ciwon Tsohuwar Motar Daji: Darasi Domin Malaman Gona da Direbobi

Ya kai mai karatu, in kai malamin gona ne, ko manomi mai motar kansa, ko direban da aka damƙa wa motar ƙungiyar manoma, to, wannan darasi dominka aka rubuta shi. Motar da mu ke magana a kanta ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda a ke shiga daji da ita inda babu kwalta, kamar su Land Rover, da Land Cruiser, da Hilux, musamman waɗanda suka daɗe suna aiki. Ita ce ke kai taki da iri ƙauye kafin ruwan shuka, ita ce kuma ke fito da amfanin gona da kaka. In ta kwanta a gareji sa'ad da a ke jiran taki, hasarar ba ta tsaya ga mai mota kaɗai ba, gama damina ba ta jiran kowa.

Abin da mu ke so ka riƙe guda ɗaya ne, watau kada ka sayi sabon ƙarfe sai ka tabbata inda ciwon ya ke. Mutane da yawa su kan kashe kuɗinsu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, su sake wannan su sake wancan bisa ga zato, alhali kuwa abin da ya ɓaci wata 'yar waya ce da ta yi tsatsa. Mai magani na kirki ya kan tambayi majinyaci tukuna, ya duba shi, kana ya ba shi magani. Haka ya kamata a yi wa mota.

1. Ka san irin motarka

An fara nuna Land Rover a birnin Amstadam a shekarar 1948, ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Har injin Toyota mai suna 1HZ, wanda ya fito a 1990, da yawancin injunan Land Rover masu suna 300Tdi, na 1994, famfon ƙarfe ne ke auna musu gas, watau dizal. Irin waɗannan in sun sami mai, da iska, da batir mai kyau, sai su tashi.

Amma daga 1998 Land Rover ta sa injin Td5, mai silinda biyar, a cikin Defender da Discovery, kwamfuta ce kuwa ke sarrafa shi. Haka kuma injunan fetur na Toyota, kamar 22R-E da 1FZ-FE, waɗanda ba su da kafireta. Sabo da haka ka duba sunan injinka tun da fari. In babu kwamfuta a motarka, ka tsallake zuwa sashe na 7. In akwai, ka bi mu daga nan.

2. Kwamfuta da 'yan aikenta

Kwamfutar inji, wadda makanikai ke ce da ita birenbos, kamar hakimi ta ke a zaurensa. Ba ta ganin kome da idonta. Tana da 'yan aike a wurare dabam dabam cikin inji, sunan kowanensu sansa. Wani ya kan kawo labarin zafin ruwa, wani yawan iskar da ke shiga, wani juyin inji, wani kuma yadda direba ya taka totur. Bisa ga labarin da ya iso ta ke yanke yawan man da za a ba inji da lokacin da za a ba shi. Wayoyi su ne hanyoyin da 'yan aiken nan ke bi.

To, in labarin wani ƙauye bai iso wurin hakimi ba, ba lalle ɗan aike ne ya mutu ba. Watakila gada ce ta karye a hanya, watakila kuma labarin ya iso, gaskiya ne, ba shi da daɗin ji ne kawai. Haka lambar da kwamfuta ke nunawa ta ke. Tana gaya maka hanyar da za ka bi da bincike, ba ta ce ka sayi sansa ba. Laifin yana iya zama a wuri huɗu: ga sansa, ko ga waya da soket, ko ga wutar da ke zuwa daga batir, ko kuwa ga injin kansa. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe da za a zarga, gama ba safai ta ke mutuwa ba in ruwa ko hannun mutum bai taɓa ta ba.

3. A fara da batir

Ka nemi mitar awon wuta, irin ta 'yan riwaya. Ba ta da tsada, koyonta kuwa ba ya wuce yini guda. Ma'aunin ƙarfin wuta sunansa bolt. Batir cikakke da ya kwana bai yi aiki ba ya kan nuna kusan bolt 12.6. Sa'ad da a ke murza ki kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In awon ya kauce daga haka, ka gyara batir ko caji tukuna, gama wuta mai rauni ta kan sa kwamfuta ta nuna lambobi da yawa na ƙarya.

Bayan wannan ka bi baƙar wayar nan mai kauri wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji. Ka kwance notinta, ka goge wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure da kyau. Gargadar hanya ta kan sassauta ta, tsatsa kuma ta kan shiga ƙarƙashinta. Sa'an nan ka duba kowane fis. Daga nan ka zare soket na sansan da ka ke tuhuma, ka leƙa ciki. In ka ga kore-kore, ko ruwa, ko mai, ko haƙorin da ya lanƙwashe, to, ka kusa gano ɓarawonka. Ka bi wayar da yatsa inda ta ke gogar ƙarfe da inda ta yi kusa da salansa. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuwa, a duba ko ɓera ya ci waya.

Ga wata dabara. Ka bar inji yana aiki a tsaye, ka riƙa girgiza wayoyi ɗaya ɗaya a hankali, kana kiyaye hannunka da rigarka daga fanka da bel. Wayar da ka taɓa inji ya canza murya, nan laifin ya ke.

4. Karatun lamba

Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, masu gas kuma daga 2004, suna da soket mai rami 16 kusa da sitiyari, inda a ke haɗa na'urar karatu ta OBD. Ga kaɗan daga cikin lambobin da a kan gani: P0335, hanyar sansan juyin inji, P0115, hanyar sansan zafin ruwa, P0100, hanyar sansan iska, P0120, hanyar sansan totur. Ka sani injin Td5 ba ya amsa wa ƙananan na'urorin nan na kowa da kowa yadda ya kamata, sai wadda aka yi dominsa, kamar Nanocom.

Tsofaffin Toyota masu fetur na gabanin 1996 ba su bukatar na'ura. A cikin bonet akwai ɗan akwati da aka rubuta wa DIAGNOSIS. Ka haɗa ramin TE1 da ramin E1 da guntuwar waya, ka murza ki har fitilu su kama, kada ka tā da inji. Fitilar gargaɗi ta inji za ta shiga ƙiftawa. In ta ƙifta sau biyu, ta dakata, ta sake ƙifta sau biyu, lamba 22 ke nan, watau zafin ruwa. Lamba 12 ta juyin inji ce, 21 ta sansan salansa, 41 ta totur. In tana ƙiftawa bai ɗaya ba dakatawa, kwamfuta ba ta riƙe da wani laifi.

Ka rubuta lambobin a littafi kafin a goge su. In an goge, ka yi tafiya, ka sake karantawa. Wadda ta komo ita ce mai rai, sauran tsohon labari ne.

5. Sansoshi biyar da alamunsu

(a) Sansan juyin inji. Shi ne babbansu, gama in ya yi shiru kwamfuta ba ta san inji na juyawa ba, ba ta kuwa ba da mai. Alamarsa ita ce kik yana juya inji sosai amma ya ƙi tashi, ko kuwa inji ya mutu sa'ad da ya yi zafi, in ya huce ya tashi kamar ba abin da ya faru. A motoci da yawa allurar juyin inji ba ta motsi ko kaɗan lokacin murza ki in shi ne ya ɓaci. A Td5 yana jikin kwanon da ke tsakanin inji da giya, ba shi da mataimaki. Ka ciro shi ka goge bakinsa, gama akwai maganaɗisu a ciki mai tara garin ƙarfe. Har wa yau kik da ya tsufa ya kan dama labarin sansan nan. In motar ta kan tashi nan da nan sa'ad da aka tura ta, amma ta yi gardama da ki, ka tuhumi kik da batir.

(b) Sansan zafin ruwa. In ya ce inji da sanyi alhali da zafi, kwamfuta ta kan ƙara mai, sai mota ta yi ta shan fetur tana baƙin hayaƙi, filogi kuma ya yi baƙi. Ana auna shi da mita, ma'aunin kuwa sunansa om. Irin na Toyota ya kan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a zafin digiri 20, ya sauko zuwa wajen 300 a digiri 80. Ka tsoma bakinsa a ruwan zafi ka ga ko awon na sauka a hankali. A tsofaffin motoci da yawa allurar zafi ta gaban direba tana da nata sansa dabam mai waya ɗaya, na kwamfuta kuwa mai waya biyu ne, kada ka sake wanda ba shi ba. Akwai kuma al'adar cire tamostat, wai domin ƙasarmu da zafi. Wannan ya kan hana inji kai wa zafinsa na aiki, sai sansa ya faɗi gaskiya cewa da sanyi, kwamfuta ta yi ta zuba mai. Maganin wannan mai da tamostat da wanke lagireto.

(c) Sansan iska. Yana tsakanin matatar iska da inji, ƙurar hunturu kuwa ita ce abokiyar gabarsa. In ya yi datti mota ta kan rasa ƙarfi a hawa. Ka kashe inji, ka zare soket ɗinsa, ka tā da inji. A motoci da yawa kwamfuta ta kan koma ga wani awo da ta ajiye, in kuwa motar ta fi daɗi a haka, shi ne abin tuhuma. Amma kafin ka saya, ka duba matatar iska, ka lanƙwasa tiyon roba da ke bayansa ko ya tsage, gama iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya ba a ƙidaya ta. Kada ka taɓa siririyar wayar da ke cikinsa da tsinke ko tsumma, akwai maganin feshi da aka yi dominsa. A Td5 akwai wani sansa kuma a jikin bututun da ke raba wa silinda iska, wanda baƙin kunkunniya ke toshewa. Wankewa kaɗai ta kan mayar wa mota da ƙarfinta.

(d) Sansan totur. In direba ya taka, awonsa ya kan tashi daga wajen rabin bolt zuwa wajen huɗu. Ka taka a hankali kana duban mita. In awon ya yi tsalle ko ya ɓace a wani wuri, sansa ya cinye a nan, shi ke sa mota fizga. Td5 ba shi da igiyar totur, sansan yana jikin abin takawar.

(e) Sansan salansa. Injin fetur ke da shi. In ya yi zafi, awon tsohon samfurinsa ya kan yi ta kai da kawowa tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Salansa mai huji a gabansa ta kan sa shi ba da labarin da ba daidai ba, sabo da haka a toshe huji tukuna.

Masu Td5 su lura da wani ciwo sananne. Wayar injekta tana bi ta ƙarƙashin murfin inji, cikin baƙin mai. In ta tsufa, mai ya kan bi cikinta sannu sannu har ya kai jan soket na kwamfuta, wadda a Defender ke ƙarƙashin kujera. Sai inji ya riƙa tuntuɓe kamar injekta ta mutu. Ka zare jan soket ɗin. In ka ga mai, ka sake wayar injekta, ka wanke soket, ka sake wankewa bayan 'yan makonni, gama sauran mai na cikin waya ya kan ci gaba da fitowa.

6. Abubuwan da ba a yi

In fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafi ta hau ja, ka tsaya nan take ka kashe inji. Kada ka ce ai sansa ne ke ƙarya. A nan kam a kan gaskata ɗan aike tukuna, a bincike shi daga baya, gama kuskuren minti kaɗan ya isa ya kashe inji.

Kada a cire kan batir inji yana aiki wai domin a gwada caji. Wannan dabarar zamanin kafireta ce, tana ƙona kwamfuta. Kada a yi walda a jikin mota sai an cire batir an zare soket na kwamfuta. Kada a tā da motar bolt 12 da wutar babbar mota mai 24. Kada kuma a harba ruwa mai ƙarfi a kan soket wajen wankin inji.

7. Hanyar da ƙarfi ke bi zuwa ƙafa

Yanzu mu sauka ƙarƙashin mota. Ƙarfi ya kan fito daga inji ya bi ta kuloci, ya shiga giya, ya wuce akwatin ogzilari, wanda ke raba shi biyu. Daga nan farfela biyu, ta gaba da ta baya, su kai shi tulun aksul. A cikin tulun akwai haƙoran da ke raba gudu tsakanin ƙafar dama da ta hagu, domin a kwana ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya. Nan babu lamba, kunne da hannu su ne mitarka.

Tambaya ta farko ita ce, ƙarar nan tana bin juyin inji ne ko gudun mota? Ka tsaya wuri ɗaya ka taka totur. In ka ji ta, tana wajen inji. In ba ka ji ba, ka sami hanya shimfiɗaɗɗiya marar mutane, ka yi gudu kaɗan, ka taka kuloci. In ƙarar ta ci gaba tana raguwa tare da gudu, tana tsakanin giya da ƙafa.

Kafin ka shiga ƙarƙashi, ka tsai da mota a wuri mai daidai, ka sa wa ƙafafu wāji gaba da baya. Kada ka dogara ga jak kaɗai. Ka sani birkin hannu na Defender da tsohuwar Discovery yana bayan akwatin ogzilari, farfela ya ke riƙewa. In aka ɗaga ƙafa ɗaya, ko aka kwance farfela, mota tana iya gangarawa ko da an ja shi.

8. Ƙararraki da fassararsu

(a) Ƙiƙi-ƙiƙi a tafiya ta sannu, da rawar jiki in an yi gudu. Ka tuhumi kuros na farfela, watau mahaɗin nan mai hannu huɗu. Ka mai da giya firi, ka saki birkin hannu bayan ka sa wāji, ka kama farfela da hannu biyu ka murɗa, ka ɗaga sama da ƙasa. Ko motsi kaɗan a cikin kuros laifi ne. Jan gari kamar na tsatsa a bakin kofinsa shaida ce ya bushe. In za ka kwance farfela, ka yi mata alama da fenti tukuna domin ta koma yadda ta ke, gama in aka juya ta sai rawar jiki ta ƙaru. A mota mai ja da ƙafa huɗu kullum, ana iya cire farfelar gaba, a kulle marabar tsakiya, wadda za mu yi bayaninta a sashe na 9, a yi 'yar tafiya a hankali. In rawar ta ɓace, an gano mai laifi.

(b) Ƙwal sau ɗaya sa'ad da aka saki kuloci ko aka ɗaga ƙafa daga totur. Wani abu ya yi sako-sako. A Land Rover ka fara da mai araha: kuros, sa'an nan faifan da ke tsakiyar ƙafa inda sandar aksul ke shiga. Ka cire 'yar hularsa ta roba, in ka ga jan gari, haƙoransa sun cinye. Sai mahaɗin ƙarfen nan mai siffar gwafa da ke riƙe aksul na baya daga sama. In duk waɗannan lafiya, sa'an nan a yi zancen sandar da ke fitowa daga giya zuwa akwatin ogzilari na LT230, wanda shi ne aiki mai tsada.

(c) Ƙas-ƙas-ƙas in an karya sitiyari har ƙarshe ana ja da ƙafar gaba. Mahaɗin da ke cikin ƙwallon ƙafar gaba ne ya cinye. In ka ga wani abu kamar miyar kuka yana tsiyaya daga ƙwallon, man aksul ne ya keta robar da ke tare shi ya cuɗe da giris. Tun a nan a ke gyara, kafin ƙas-ƙas ta fara.

(d) Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canzawa in an karkata dama ko hagu. Boris na ƙafa ne. Bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi ita ce. Ka ɗaga ta, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Kada ka jinkirta wannan gyara, gama ƙafa ta kan fita a kan gudu.

(e) Kuka siriri mai zuwa in an taka totur, ya tafi in an saki, ko kuwa akasin haka. Haƙoran tulun aksul ne ko boris ɗinsu. Ka duba mai tukuna.

9. Ogzilari a kan kwalta

Motocin nan iri biyu ne. Akwai masu tafiya da ƙafar baya, sai an so a sa ta gaba, kamar tsohuwar Hilux. Akwai kuma masu ja da huɗu kullum, kamar Defender. Su waɗannan suna da haƙoran raba gudu na uku a cikin akwatin ogzilari, tsakanin gaba da baya, su mu ke kira marabar tsakiya, a kan kuwa kulle ta in an shiga yashi ko taɓo.

A kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya. A yashi taya ta kan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfe ya yi ta murɗewa kamar igiya. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita. Kada ka doke ta. Ka yi baya 'yan taku kaɗan, ko ka sauka gefen hanya inda ƙasa ke da laushi, za ta saki. Direban da ya saba manta ogzilari a kwalta shi ke karya sandar aksul. Tayoyi huɗu kuma su zama girma ɗaya da iska daidai, gama taya ƙarama ta fi babba yawan juyi, wannan ma murɗewa ce. Motar da ke da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, a kulle su a yi tafiyar kilomita kaɗan kowane wata domin mai ya zaga.

10. Mai, da giris, da ruwan damina

Aksul da ya yi zafi in ya faɗa rafi ya kan huce farat ɗaya, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙi ruwa. Bayan kowace ƙetarar ruwa mai zurfi ka kwance notin cikawa ka tsoma yatsa. In mai ya yi fari kamar kunu, ka zubar ka sa sabo a ranar. Kullum ka kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada ka zubar da mai sa'an nan ka tarar na sama ya ƙi kwancewa. Ka dubi maganaɗisun notin zubarwa in akwai. Gari mai laushi ba kome, ɓarɓashin ƙarfe kuwa haƙori ne ke karyewa.

A bisa kowane aksul akwai 'yar ƙofar numfashi. In laka ta toshe ta, zafi ya kan tura mai waje ta wajen roba, har ya jiƙa birki. Sau da yawa a kan sake roba sau biyu sau uku ba a duba ƙofar nan ba.

Aksul ya kan sha mai mai kauri, irin 80W-90. Giyar R380 ta Land Rover kuwa ba ta son wannan, nata MTF94 ne, in aka sa mata mai kauri sai giya ta yi tauri da safe. Ka bi abin da littafin motarka ya ce. Kuros kuma a matsa masa giris har sabo ya ɓullo ta kofuna huɗu duka. In ɗaya ya ƙi fitarwa, wannan hannu a bushe ya ke. Rigakafi ya fi magani, kuɗin gwangwanin giris kuwa bai kai na kuros ɗaya ba.

11. In ka je wurin makaniki

Ka tafi da littafinka. Ka gaya masa ran da ciwon ya fara, da safe ne ko bayan inji ya yi zafi, a hawa ne ko a gangara, bayan ruwa ne ko bayan shan mai a bakin hanya, da gyaran da aka yi wa motar na ƙarshe. Ciwo da yawa daga wurin da aka taɓa jiya ya ke fitowa. In ya ce a sayo sansa, ka tambaye shi da ladabi abin da ya auna da abin da mita ta nuna. Makaniki mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. A sake abu ɗaya, a gwada, kana a taɓa na biyu. Tsohon da aka cire kuwa ka karɓe shi ka ajiye har ka tabbata motar ta warke, gama sabon sansa na jabu ya kan fi tsohon na ainihi ƙarya.

Aikin duba duka a yi shi da bazara, tun rafuka ba su kawo ba, domin ran da aka ce taki ya iso, motarka tana tsaye a kan ƙafafunta.

Tambayoyi

1. In kwamfuta ta nuna P0335, waɗanne wurare huɗu ne laifin ke iya kasancewa?
2. Bolt nawa batir mai lafiya ke nunawa in inji na aiki?
3. Don me cire tamostat ke sa mota shan mai?
4. Ƙaƙa za ka rarrabe ƙarar inji da ta farfela?
5. Don me ba a dogara ga birkin hannu na Defender in za a shiga ƙarƙashinta?
6. Me za ka yi in ka ga man aksul ya yi fari bayan ƙetarar rafi?